Me Ya Sa Ake Jin Muryar Liman Amma Ba A Gane Maganarsa?



Abin da ya jawo wannan rubutu ƙorafi ne da ya iso mana ta fuska biyu. Iyayenmu mata da ke salla a bayan katanga sun aiko cewa ranar Juma'a suna jin muryar liman tana gunji, amma huɗubar ba ta shiga kunnensu, har sanarwar jana'iza ma sai an fito su tambayi maza. Waɗanda sahu ke kaiwa bakin titi su ma haka suka ce. A ɗaya ɓangaren kuma, wani maƙwabcinmu da ba mu taɓa samun saɓani da shi ba ya tare mu cikin ladabi, ya ce ƙarar tana shiga har ɗakin da mahaifiyarsa marar lafiya take kwance. Da kwamiti ya zauna, shawarar da ta fara fitowa ita ce a haɗa kuɗi a je Black Market na Adjamé a sayo lasifika wadda ta fi ta yanzu girma. Muka roƙi a dakata tukuna, domin in aka yi haka maƙwabci zai ƙara shan wahala, iyayenmu mata kuma ba za su ƙaru da komai ba sai gunjin. Dalilin yana cikin wani babi na ilimin sauti da haske, kuma babin ba shi da wuya in an bi shi a hankali.

Awo biyu: yawan kaɗawa da tsawon zango

Duk wanda ya taɓa jiran jirgin ruwan SOTRA a tashar Treichville don hayewa Plateau ya ga abin da za mu faɗa. In jirgi ya wuce, ruwan Ébrié yakan tashi layi-layi, tudu na bin tudu, har su zo su bugi bakin gaɓa. Abu biyu mutum zai iya aunawa a nan. Na farko, tazarar da ke tsakanin tudun ruwa ɗaya da wanda ke bin sa. Wannan shi ne tsawon zango, Larabawa suna ce masa ɗulul mauja, kuma da mita ake auna shi. Na biyu, tudu nawa ne ke bugun gaɓa a cikin sakan ɗaya. Wannan shi ne yawan kaɗawa, da Larabci taraddud. Mun ce sakan, mun bar kalmar daƙiƙa da gangan, saboda ɗalibanmu sun san daƙiƙa a Larabci minti take nufi.

Awon yawan kaɗawa sunansa haz, ana rubuta shi Hz a jikin na'urori, an samo sunan daga wani Bajamushe masani, Heinrich Hertz, wanda ya tabbatar da samuwar igiyoyin rediyo a wajajen 1887. Haz 100 na nufin kaɗawa 100 a sakan ɗaya. Kilohaz dubu ke nan, megahaz kuma miliyan.

Sauti ma haka yake tafiya, sai dai shi a cikin iska yake yin nasa tudun. Ka ɗora yatsa a maƙogwaro ka ja madda, za ka ji ana rawa a ciki. Wannan rawar tana matsa iskar da ke kusa, ita kuma ta matsa ta gabanta, har matsin ya kai fatar da ke cikin kunnen mai sauraro. In kaɗawar kaɗan ce sai mu ce murya ta yi kauri, in tana da yawa mu ce siririya ce.

Ƙa'idar da ta ɗaure su

Ku dubi uba da ɗansa ƙarami suna tafiya masallaci riƙe da hannun juna. Saurinsu ɗaya, tare za su isa. Takun uban santimita 80 ne, na yaron 40. A tafiyar mita 80, uban zai yi taku 100, yaron kuwa dole ya yi 200. Tunda saurin ɗaya ne, mai gajeren taku sai ya yawaita taku, mai dogon taku kuma ya rage.

To, haka abin yake. Gudun sauti a cikin iska kusan mita 340 ne a sakan, a zafin Abidjan yakan ɗan haura haka kaɗan, kuma murya mai kauri da siririya duk gudunsu ɗaya. Da ba ɗaya ba ne, da wanda ke sahun ƙarshe ya riƙa jin haruffan kalma a hargitse, wasu sun riga wasu isowa. Saboda haka ƙa'idar ita ce:

gudu = yawan kaɗawa × tsawon zango

Ma'ana, in ka san yawan kaɗawa, ka raba 340 da shi, abin da ya fito shi ne tsawon zango. Ga misalai, ɗalibai su gwada da alƙalami:

Haz 20: zangonsa mita 17. Wannan shi ne sauti mafi kauri da kunnen ɗan Adam ke ji.
Haz 100: mita 3.4. Kusan nan muryar namiji mai kauri take.
Haz 1,000: santimita 34.
Haz 5,000: kusan santimita 7, bai kai tsawon yatsa manuniya na babban mutum ba.
Haz 20,000: santimita 1.7. Nan ne iyakar kunnen yaro mai lafiya.

Kun ga duk lokacin da kaɗawa ta ninka, zango yakan koma rabi. Kuma mutanenmu sun daɗe suna aiki da wannan ko ba su sa masa suna ba. Matar da ta tara jarka a famfo ta juya tana wanki, da kunne take sanin jarkar ta kusa cika, don ƙarar tana ta sirancewa. Iskar da ta rage a cikin jarkar tana gajarcewa, zangon da ya dace da ita ya gajarta, kaɗawa ta ƙaru. Kakakin sarki dogo ne, shi ya sa muryarsa ke da kauri, sarewar makiyayi gajera ce, muryarta siririya. Ƙahon manyan jiragen da ke shiga tashar jirgin ruwa ta Abidjan da gangan aka yi shi mai kauri, don irin wannan sautin ne ke kai nesa.

Mu koma masallaci

Maganar mutum haɗin sautuka ne da yawa a lokaci guda. Haruffan madda, wato alif da wau da ya, da gunnar mim da nun, ƙarfinsu yana wajen kaɗawa kaɗan, yawanci ƙasa da haz 1,000 ko kusa da haka. Su ne ke ɗauke da nauyin murya. Amma haruffan da malaman tajwidi suka kira haruffan safir, wato sin da sodi da zaira, tare da irin su shin da fa, nasu sautin yana sama ƙwarai, daga haz dubu uku ko huɗu har zuwa dubu takwas. Malaman ba su yi kuskuren suna ba da suka ce safir, wato fito. Waɗannan haruffa ba su da ƙarfi sosai, amma su ne ke raba kalma da kalma. Ku furta "fata" da "sata". Wasalinsu ɗaya, abin da ya raba su ɗan sautin nan ne na farko, mai zangon santimita kaɗan.

Igiya tana iya kewaye duk abin da bai kai tsawon zangonta ba, amma abin da ya fi zangonta girma sosai yakan tare ta. Sautin haz 100 mai zangon mita uku da wani abu, ginshiƙin masallaci mai faɗin rabin mita ba komai ba ne a wurinsa, zai lanƙwasa ya wuce, ya bi ta ƙofa ya bazu, ya haura gajeriyar katanga. Sautin sin mai santimita bakwai kuwa, miƙe yake tafiya, in ya ci karo da ginshiƙi ko katanga sai ya dawo baya, wanda ke bayan ginshiƙin ya zauna a inuwarsa. Bangon siminti ma ya fi iya tare siririn sauti a kan mai kauri. Shi ya sa in ana biki a layi na uku, abin da ke iso maka cikin dare bugun ganga ne kawai, waƙar ba ta zuwa.

Ga amsar ƙorafin iyayenmu mata ke nan. Lasifikarmu tana gaba, tana fuskantar maza. Kaurin muryar yana kewayawa ya kai musu, sin da shin da fa kuma suna tsayawa a jikin katanga. In muka ƙara ƙarfi, kaurin ne zai ƙaru a wurinsu, kuma shi ne zai ratsa bango ya shiga ɗakin marar lafiya.

Akwai wani abu da ya shafi dattawa. Kunnen mutum in ya fara tsufa, sautuka masu yawan kaɗawa yake fara rasawa. Dattijon da ke cewa "ina jin magana amma ba na rarrabe ta" gaskiya yake faɗa, kuma ɗaga masa murya ba ya magani kamar yadda fuskantarsa da fitar da haruffa a natse ke yi. Mu kanmu da muka haura hamsin mun fara lura da hakan a aji, in yaro ya yi karatu daga baya sai mun ce ya matso kafin mu tabbatar sin ya karanta ko sodi.

Haske ma yana bin wannan ƙa'ida

Haske igiya ne shi ma, amma ya bambanta da sauti ta hanya biyu. Sauti ba ya tafiya sai a cikin wani abu, iska ko ruwa ko ƙarfe. Haske kuwa yana ratsa sararin da babu iska, shi ya sa na rana ke iso mana, bayan tafiyar minti 8 da sakan 20. Na biyu, gudunsa kusan kilomita 300,000 ne a sakan. A daminar Mayu da Yuni kowa na iya gwada wannan bambancin. In ka ga walƙiya ka fara ƙirga sakan har ka ji tsawa, kowane sakan uku kilomita ɗaya ne tsakaninka da inda ta faɗi. Ku lura kuma, tsawar kusa tana tsagewa da ƙara mai kaifi, ta nesa kuwa cida ce mai kauri, don iska ta shanye siraran sautukan a hanya.

Abin da kauri da siranta suke a kunne, shi ne launi a ido. Jan haske shi ne mai dogon zango, kusan nanomita 700, kuma nanomita ɗaya shi ne milimita in an raba ta gida miliyan. Yana kaɗawa kusan tiriliyan 430 a sakan. Shunayya, wato launin da ke ɗaya gefen bakan gizo, zangonta kusan nanomita 400 ne, kaɗawarta kusan tiriliyan 750. Tsakaninsu akwai ruwan lemo da rawaya da kore da shuɗi, a jere kamar yadda suke fitowa a bakan gizo. Don a gane ƙanƙantar abin, kaurin silin gashi ɗaya zai ɗauki zangon jan haske kusan 100 a jere.

Wannan ne ya sa kana jin mutumin da ke bayan katanga amma ba ka ganinsa. Zangon muryarsa ya kai faɗin ƙofa ko ya fi, sai ya lanƙwaso. Zangon haske kuwa ƙofa ta fi shi girma sau fiye da miliyan, don haka miƙe yake tafiya ya bar inuwa. Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya rasu a Alƙahira wajajen shekarar 1040, ya yi gwaje-gwaje a ɗaki mai duhu ya nuna haske miƙe yake tafiya, kuma daga abin da ake kallo yake shiga ido. Ya rubuta wannan a Kitabul Manazir.

In igiya ta bar iska ta shiga ruwa, yawan kaɗawarta ba ya canjawa, gudunta ne ke canjawa, sai zangon ya bi gudun. Haske yana rage gudu a ruwa zuwa kusan kilomita 225,000 a sakan, zangonsa ya gajarta, shi ya sa ludayin da ka tsoma a bokiti kake ganinsa kamar ya karye. Sauti akasin haka yake yi, a ruwa gudunsa yana kai mita 1,500 a sakan. Na'urar hoton ciki da ake duba masu juna biyu da ita a asibiti da sauti take aiki, mai kaɗawa miliyoyi a sakan, wanda kunne ba ya ji. An zaɓi irin wannan ne don zangonsa a cikin jiki bai kai milimita ɗaya ba, kuma igiya ba ta iya nuna abin da ya fi zangonta ƙanƙanta sosai.

Jan shafaƙi

Ɗalibanmu sun karanta a Risala cewa lokacin Isha'i yana shiga da ɓacewar shafaƙi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya shafaƙi shi ne jan da ke saura a yamma bayan faɗuwar rana. Me ya sa ja? Ƙwayoyin iska suna warwatsa haske mai gajeren zango fiye da mai dogo, shuɗi yana warwatsuwa fiye da ja sau biyar ko sama. Da rana tsaka shuɗin da ya warwatsu shi ke cika sama, sai mu ga samaniya shuɗiya. Da magariba kuwa hasken yana ratso iska mai kauri ta gefe, tafiya mai tsawo, shuɗin ya zube a hanya, ja da ruwan lemo su saura. Kusan abin da ya faru da tsawar nesa ke nan, mai dogon zango shi ke kai ƙarshen tafiya. In hazon hunturu ya sauko mana a Disamba ko Janairu, ƙurar ta fi zangon haske girma, tana warwatsa launuka duka kusan daidai, sai sama ta yi fari-fari, gane shafaƙi da ido ya yi wuya.

"A kan mita nawa?"

Igiyar rediyo dangin haske ce, gudunsu ɗaya, zangonta ne kawai ya yi tsawon da ido ba ya gani. Ba sauti ne ke tashi daga gidan rediyo ya zo Adjamé ba, akwatin da ke hannunka ne ke mayar da igiyar ta koma sauti. Dattawan da suka baro Kano ko Maraɗi ko Sakkwato suka zauna a nan sun tuna yadda ake murɗa akwati ana neman gida. Sashen Hausa na BBC, da aka buɗe a 1957, da sauran tashoshin waje suna sanar da cewa za a same su a kan mita kaza da kaza ta gajeren zango. Wannan mitar tsawon zango ce ta gaske. Lissafin mai sauƙi ne: ka raba 300 da yawan megahaz. Rediyon Kaduna a kan kilohaz 6090, wato megahaz 6.09, in ka raba sai ka samu mita 49. Megahaz 12 kuma mita 25 ke nan. Irin waɗannan igiyoyi sukan bugi wani rufi na iska can sama su dawo ƙasa, shi ya sa suke ƙetare ƙasashe.

Yanzu mun saba cewa Radio Al Bayane tana kan "mita 95.7". A gaskiya wannan lamba megahaz ce, yawan kaɗawa. In ka raba 300 da 95.7 za ka ga zangonta mita 3 ne da ɗan kai. Eriyar da ke jikin gbaka ko wôrô-wôrô kusan rubu'in wannan tsawon ake yanka ta. Tashoshin FM igiyarsu miƙe take tafiya, ba ta dawowa daga sama, don haka in mota ta yi nisa da gari sai tashar ta ɓace.

Abin da muke ba kwamiti shawara

Na ɗaya, maimakon babbar lasifika ɗaya, a sayi ƙanana a rarraba. A sa a sashen mata, a sa a baranda, a rataye su sama da kai suna fuskantar mutane. Ƙa'idar da mai ɗaurawa zai riƙe ita ce, duk wanda ba ya ganin fuskar lasifika daga inda yake zaune, to sin da shin ba za su kai masa sosai ba.

Na biyu, in an rarraba sai a rage ƙarfin kowacce, kuma a rage maɓallin kaurin murya da ke jikin na'ura, wanda aka rubuta wa Bass ko Graves. Magana ba ta rasa ma'ana in an rage shi, kuma shi ne ke ratsa bangon maƙwabci.

Na uku, mai magana ya bar kamar taƙi ɗaya tsakanin bakinsa da makirfo. Yawancin irin waɗanda muke amfani da su, in baki ya manne musu sai su ƙara wa murya kauri. Mun fara da kanmu, don mu ma muna da wannan ɗabi'ar.

Na huɗu, bangon tayil da siminti yana mayar da sauti, kalmar da ta wuce ta dawo ta hau kan mai zuwa. Labule mai kauri a bangon baya, da ɗan rata tsakaninsa da bangon, zai rage wannan. Siririyar darduma ba ta tare sauti mai kauri, kada a sa rai da ita a nan.

Na biyar, lasifikar waje ta zauna don kiran salla da sahun titi ranar Juma'a, a karkata bakinta daga tagogin gidaje. Karatun asuba da na bayan magariba ya tsaya a ta ciki. Dattawan da kunnensu ya yi nauyi a bar musu wuri kusa da ƙaramar lasifika.

Aikin ɗalibai

Kafin darasi na gaba kowa ya kawo amsar waɗannan. Sauti mai haz 680, nawa ne tsawon zangonsa a iska? Tashar da ke kan megahaz 15, a kan mita nawa take? In ka ƙirga sakan 12 tsakanin walƙiya da tsawa, kilomita nawa ne? Sannan ku gwada wannan a gida: ku nuna bakin rimot ɗin talabijin ga kyamarar waya ku danna maɓalli. A yawancin wayoyi za ku ga ɗan haske yana ƙiftawa wanda idonku bai gani ba, don zangonsa ya ɗan zarce na ja. Ku rubuto abin da kuka gani.

Kwamiti zai sake zama bayan an gwada ƙananan lasifikoki na aro a Juma'a biyu masu zuwa. Muna roƙon iyayenmu mata da masu sahun waje su faɗa mana gaskiyar abin da suka ji, kuma za mu koma wurin maƙwabcinmu mu tambaye shi. Allah Ya ba mahaifiyarsa lafiya, Ya ƙara mana ilimi mai amfani.